Ranar Da Madarar Sarki Ta Mutu

Da na dawo Dogon Marke bayan shekarun da na yi a Arewa, abin da na fara lura da shi shi ne babu marken. An sare shi an kafa gidan mai, gidan man kuma babu mai. Rijiyar da muke ja da guga an rufe ta da siminti an sa famfon tuƙa-tuƙa, famfon ya mutu, yanzu kowa ya koma sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Abokan wasan langata duk sun ajiye tumbi, kowa da yaro a kafaɗa, suna ce mini "Alhaji" suna ƙifta wa juna ido. Kurmin tumfafiyar bayan gari an yanka shi filaye. Awara ta koma ta waken suya. Nonon bakin kasuwa kuwa, in ka kurɓa za ka ji madarar gari, ka ji kuka, ka ji ruwan randa, saniya ce kaɗai ba ta san da zancen ba.

Abu ɗaya na tarar yadda na bar shi, bakin Gwaggo Yalwa, yayar mahaifina.

A tsakar gida, gaban kowa, ta zazzage jakata. Riguna biyu, buta, sai wani ƙunshi a tsohon rawani. Ta kwance, ta ɗaga guda ɗaya, fari, siriri, mai zane-zane a jiki. Ta ƙwanƙwasa shi a gefen turmi, ya ce ƙwas.

"Tanimu, wannan fa? Daɓen ɗaki ka ɓamɓaro mana?"

"Cuku ne, Gwaggo."

"Na san cuku tun ba a haifi ubanka ba. 'Ya'yan mutane na dawowa da babur da katifa, kai ka dawo da busasshiyar madara."

Na ce ai don ba su san asalinsa ba ne suke raina shi. Can Arewa wani Buzu ya ce mini wai wani matafiyi ne ya zuba madara a salkar da aka yi da cikin ɗan akuya, raƙumi ya yi ta girgiza ta a rana, da ya sauka ya tarar ta daskare. Na ce masa wannan labarin masu raƙuma ne, kowa dai raƙuminsa yake yabo. Na ainihin a dajinmu aka yi shi.

Na rarraba musu cukun, na ce, "To ga ta nan, ga ta nanku. Baki ya yi tauna, kunne ya yi aikinsa."

Gwaggo ta ce, "Ta zo mu ji, ko ta fi tsarabar auki."

A zamanin da dabbobi ke da fada da murhu, an yi wani Kurege wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Da damina yana cin na mutane a gona, da kaka yana cin na mutane a rumbu, da rani kuwa, da na mutanen ya ƙare, sai ya ci iska ya kora da kirari. Ga rani na ƙaratowa, ga raminsa fayau kamar an share. Amma in ka ji bakinsa sai ka ce shi ke ciyar da dajin.

"Ni ne Kurege ɗan Kurege! Ƙaramin jiki, babbar wutsiya! Gidana ƙofa ko'ina, mai nemana ya zaɓi wadda zai yi gadi! Ban shuka ba, ban nome ba, amma ba a yi girbi ba ni ba!"

Yana faɗa cikinsa na amsawa, ƙululu.

To a dajin akwai al'ada. Kowace safiya Ɓauna takan tatsi kanta ta kai wa Zaki tukunyar madara. Ba don ƙauna ba. Tana da ɗan maraƙi guda ɗaya tak, madarar ita ce ke sa Zaki ya riƙa mantawa da shi. Takan girka tukunyar a murhun ƙofar fada don ta yi ɗumi, sarki ba ya shan abu mai sanyi, sannan ta shiga gaisuwa. Gaisuwar fada kuwa kun san ta, kafin a gama tambayar gajiya an gaji.

Kurege ya lura da haka. Ya haƙa rami tun daga gindin wata tumfafiya har bayan duwatsun murhu. Ɓauna na shiga, ya ɓullo, ya ɗare bakin tukunya, ya tsoma kai. Ya ce kurɓa ɗaya zai yi. Kurɓa ɗaya ta kira ƙanwarta, ƙanwar ta kira dangi. Da ya ɗago sai ya ga madara ta sauka ƙasa da wuyan tukunya, ga zoben maiƙo a sama yana nuna inda take a da, kamar mai ba da shaida.

Ya ruga ya ɗebo ruwa ya cika. Madara ta yi tsululu, ko makaho ya taɓa ya san an yi mata aure da rafi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan tumfafiya. Ya karya ganye, farin ruwa ya tsattsafo, kauri kamar kindirmo.

Ya ce, "Fari dai fari ne. Wa zai tambayi fari sunan ubansa?"

Ya yi ta karya ganye yana ɗigawa, ya juya da wutsiya. Ya ja da baya yana yaba aikinsa. Can sai madarar ta yi wani irin motsi. Ta yamutse, ta tsinke, ta rabu biyu: farin gudaji na yawo a sama, ruwa ɗorawa-ɗorawa a ƙasa. Kurege ya ce yau na kashe kaina. Amma ɓarawo ko zai gudu ba ya gudu hannu banza, ya yagi ɗan gudajin ya jefa a baki, ya faɗa rami.

A cikin ramin ya tsaya cak. Ya tauna. Ya sake taunawa. Taushi kamar ɓargo, gardi kamar gyaɗar sabuwar kaka. Ya lumshe ido.

A waje kuwa Zaki ya fito ya leƙa tukunya. Gurnanin da ya yi sai da ƙadangaru suka faɗo daga bango.

"Ɓauna! Amai kika kawo mini?"

"Ranka ya daɗe, wallahi lafiya lau na girka ta."

"A kawo mini maraƙin nan. Tunda madarar uwar ta ƙi shayuwa, a gwada ɗan. A kuma kifar da wannan ƙazanta!"

Zancen maraƙi bai dami Kurege ba ko kaɗan. Zancen kifarwa ne ya tsaya masa a maƙogwaro. Nan da nan ya jawo saɓar maciji ya naɗa rawani har da amawali, ya yafa tsohuwar fatar damo ta rufe shi har wutsiya, ya shafa toka a fuska, ya ɗauki kara. Ya zagaya ya ɓullo ta babbar hanya yana ɗingishi.

"Kada a taɓa! Kada wanda ya taɓa! Gawa ce!"

Zaki ya dubi ɗan abin da ke gabansa ya ce, "Kai kuma wane ne?"

"Boka Ci-Rani, daga bayan rairayi. Ni na yi wa iska kaciya, ni na cire wa kunama haƙori na mayar mata a wutsiya. Allah ya ja zamanin sarki, in yi tambaya? Da safen nan sarki ya yi gurnani?"

"Kullum ina yi."

"Da sarki ya fito, ya dubi tukunyar nan da idonsa?"

"Na dube ta."

Boka ya dafe kai ya zauna a ƙasa. "Shi ke nan. Madara ta mutu. Kwarjini ne ya kashe ta. Abu ne mai raunin zuciya, ta haɗa ido da sarki, ranta ya rabu da jikinta. Ga jikin a sama, ga ran a ƙasa. Na zaga duniya, sarki ɗaya na taɓa gani da ya kai rabin haka, shi ma suma kawai madara take yi a gabansa, in ya juya baya ta farfaɗo."

Zaki ya dubi tukunya, ya dubi fadawa. Gashin wuyansa ya fara tashi a hankali.

"Dama na daɗe ina jin wani nauyi a idon nan nawa," in ji shi.

Fadawa suka ɗauka. "Gaba salamun, baya salamun! Mai kashe madara da kallo!"

Aka saki maraƙi. Ɓauna ta shaƙi iskar tukunyar, ta ji wani ɗaci-ɗaci da ta sani a bakin hanya. Ta dubi Boka, ta dubi ɗanta, ta haɗiye maganarta. Wanda aka ceci ɗansa da ƙarya ba ya gaggawar neman gaskiya.

Zaki ya ce, "To yanzu me zan sha?"

"Ran madarar, ranka ya daɗe. Ruwan nan shi ne rabon sarakuna, yana ƙara kaifin ido. Gangar jikin kuwa mushe ce, duk wanda ya ci ba zai ga faɗuwar rana ba. Sai a yi mata sutura a binne ta nesa da gari. Aiki ne mai haɗari, amma saboda sarki zan sadaukar da kaina."

Aka tsiyaye wa Zaki tsararon ruwa ya shanye yana yamutsa fuska yana cewa lallai ya ji idonsa na ƙara zafi. Ɓauna ta ɗauki gawa ta kai bayan dutse, Boka ya ce ta koma, mata ba sa tsayawa wajen sutura. Ya shimfiɗa asabari ya zuba gudajin, ya naɗe, ya danne da dutse don mamaciya ta kwanta sosai, sauran ruwan ya tsiyaye. Sannan ya cire rawani ya zauna zaman makoki da hannu biyu. Ya ci har cikinsa ya yi ƙarar ganga. Abin da ya rage ya bar shi a kan falalen dutse, barci ya kwashe shi.

Da gari ya waye ya tashi da niyyar zubar da ragowar, don ya san halin madara, ba ta kwana ba ta yi tsami. Sai ya tarar rana da iska sun busar da ita. Ta yi tauri, ga zanen asabari a jikinta. Ya gatsa. Babu tsami, babu wari, daɗin ma ya ƙaru. Kurege ya yi tsalle ya dira a kan wutsiya.

"Rani, ka zo! Ka zo da ƙannenka! Kowa ya tara hatsi gara ta ci, ni na tara madara a rami! Ni ne Kurege, mai sa ruwa ya tsaya da ƙafarsa!"

Ya haƙa kabarin farko ya adana ta, ya naɗa rawani, ya bi ta gindin tumfafiya ya jiƙa bakin wutsiyarsa sharkaf, ya ɓoye ta a ƙarƙashin fatar damo, ya nufi fada.

Ya tarar da Zaki tsugune gaban tukunya, ya zare ido, madara kuwa ko gezau.

"Boka, yau ta ƙi mutuwa."

"Ta taurare ne, ranka ya daɗe, ta ji labarin 'yar'uwarta. Bari in zagaya ta in toshe mata hanyar gudu."

Ya zagaya tukunya yana surkulle, ya juya mata baya kamar mai gaida gabas, wutsiya ta leƙa ta yi abin da ta zo yi. Ya ce, "Yanzu sarki ya dube ta." Zaki ya dube ta. Madara ta yamutse ta mutu. Aka yi guɗa.

Kafin a jima zance ya cika daji. Damisa ya aiko a asirce, wai shi ma a zo a duba, ai ba a rasa shi da ɗan kwarjini ba. Boka ya je, ya zagaya, madarar Damisa ta mutu. Giwa ta ji ta ce in dai girma ne a zo gidanta. Tata ma ta mutu. Abin ya zama ado. Duk babban da madara ke kwana da rai a gidansa ba ya iya ɗaga kai a taro. Zaki da ya ji an fara kamo shi sai ya ce tukunya ɗaya ta yi masa kaɗan, a riƙa kawo uku, ya kashe su a jere gaban jama'a.

Manyan daji suka koma shan tsararon ruwa. Haƙarƙarin Zaki ya fito ana iya ƙirgawa daga nesa, in ya yi gurnani sai ya dafa bango. Amma in an tambaye shi sai ya ce ƙiba ta talakawa ce. Ɓauna kuwa tatsa ake yi har sai ta ga duhu-duhu, ɗan maraƙin da aka ceta daga bakin Zaki ya kama hanyar mutuwa a gindin uwarsa, yana tsotson fata. Maƙabartar bayan dutse tana ta faɗi. Boka na ta sheƙi, har fatar damo ta fara yi masa kaɗan.

Ana nan sai ga Kura, da 'yar madarar da ta roƙo a sakaina.

"Boka, don girman iyayenka ka zo ka zagaya mini. Tun safe nake harararta, har na yi mata haushi, ta ƙi mutuwa. 'Ya'yana sun fara raina ni."

Kurege ya leƙa sakaina, ya ga abin bai kai loma biyu ba, bai cancanci ɓata ruwan tumfafiya ba.

"Kure, ke madara in ta gan ki dariya take yi, dariya kuwa ƙara rai take. Je ki shanye abinki."

Kura ta sunkuyar da kai. Ta ce, "To ko ɗaukar gawa a bar ni in yi, in sami lada. Ni duk dajin nan ba a jana'iza ba ni."

Ran nan gawa ta yi yawa, Ɓauna ko tashi ba ta iya yi. Kurege ya duba nisan bayan dutse, ya duba faɗin bayan Kura. Ya ɗora mata kaya, ya haye can ƙololuwa ya harɗe, yana kaɗa ƙafa.

"A buɗe hanya! Sarakuna na shan ruwa, Boka na hawan Kura! Wanda ya fi ni wayo ba a haife shi ba, uwarsa ma ana goyonta!"

Ya kai ta har tsakiyar maƙabarta. Ya nuna mata kaburbura jeri-jeri, yana faɗa mata wannan ta Zaki ce, wannan ta Giwa. Kura tana ta sharar hawaye, hancinta na ta motsi.

Jama'a, duk dajin nan, daga giwa har kiyashi, abu ɗaya kowa ya sani game da Kura da kabari. Mai wayon duniya ne kaɗai ya manta.

Da gari ya waye Kurege ya zo duba dukiyarsa, ya tarar da maƙabarta kamar an yi noman rani. Ramuka a buɗe, asabari a yayyage. Abincin rani guda, tas. Ga Kura kwance a tsakiya, ciki ya yi tulu, baki fari fat, ta rungume guda biyun da suka gagare ta.

Da mai hankali ne da ya tattara rawaninsa ya bar garin. Amma baƙin cikin ɓarawon da aka yi wa sata ya fi na kowa zafi. Ya ruga fada yana ihu.

"Ta cinye mini... ta cinye mana matattu! A kamo ta! A hukunta ta!"

Aka jawo Kura, har yanzu tana rungume da guda biyun. Zaki ya ce, "Boka, ba kai ka ce wanda ya ci ba zai ga faɗuwar rana ba? To me za mu wahalar da kanmu? Mu zauna mu gani."

Aka zauna. Kura ta yi kuka, ta yi wasiyya, ta yafe wa waɗanda take bi bashi. Rana ta take tsaka, Kura ta yi gyatsa. Rana ta karkata, Kura ta yi minshari. Rana ta faɗi, Kura ta farka ta tambaya ko akwai ruwan sha. Kurege ya ce ai ranar Arewa yake nufi, ita tana ɗan makara. Zaki ya ce babu laifi, Boka ya kwana a fada a jira ta tare.

Da gari ya waye Kura ta tashi garau, har wani sheƙi take. Iskar safe ta kwaso ƙanshin abin da ke hannunta ta kai hancin Zaki, wanda rabonsa da abu mai nauyi tun farkon kwarjini.

"Kure, yaya ɗanɗanonsa?"

"Ranka ya daɗe, na ci matattu iri-iri a rayuwata, ban taɓa cin mamaci mai albarka irin wannan ba."

Zaki ya miƙa hannu. Ya gatsa. Fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙurus, ƙurus. Ya cinye, ya karɓi na biyun, ya lashe yatsu. Sannan ya juyo a hankali.

"Boka. Wannan ce mushen?"

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allahu akbar, abin ya kai haka! Kwarjinin sarki ya ƙaru, yanzu ba kashewa kaɗai yake ba, har gyara gawa yake ta zama abinci! Wannan ko a Arewa ban gani ba!"

Gashin wuyan Zaki ya fara tashi. Saura ƙiris ƙarya ta sake haihuwa. Sai Ɓauna ta matso, tana tafe tana layi, ɗanta na bin ta kamar inuwa. Ta girka tukunyar ranar a murhu.

"Ranka ya daɗe, abin farin ciki ne. Ga ta yau. Boka ya sha wahala, a bar shi ya huta kusa da sarki. Sarki ya kashe ta shi kaɗai, maƙiya su gani."

Zaki ya ce madalla. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar damo, cikin girmamawa, ya zuba wa tukunya ido.

Ya harare ta. Ya yi gurnani. Ya canza ido, ya harare ta da na hagu. Hawaye ya fara zubo masa. Madara ta yi ɗumi, ta yi 'yar yana a sama, tana ƙyalli kamar amarya. Can baya Kura ta kasa riƙewa, ta ce hihihi.

Kurege ya ga in madarar nan ba ta mutu ba shi zai mutu. Tun jiya akwai sauran ruwan tumfafiya a wutsiyarsa. Ya zuro ta a hankali ta ƙarƙashin fata, yana miƙawa, yana miƙawa, saura kaɗan ta kai bakin tukunya.

Kofato ya sauka a kanta, tim.

"Boka," in ji Ɓauna, "ashe bokayen Arewa da wutsiyar kurege ake haifarsu?"

Ta cafke wutsiyar da baki ta fizgo shi. Fatar damo ta zauna a hannun Zaki, rawani ya warware, ga Kurege tsirara yana lilo a sama. Ta tsoma shi a tukunya, ta juya shi kamar muciya, ta ɗago. Madara ta yamutse, ta tsinke, ta mutu murus.

Kura ta faɗi ƙasa tana birgima. "Wayyo cikina! Ashe kwarjinin sarki a gindin Boka yake!"

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Zaki ya kai hannu biyu, faratansa suka zarge Kurege ta haƙarƙarin dama da na hagu, amma jiƙaƙƙen kurege santsi gare shi, ya suɓuce. Giwa ta kai taku ta taka Damisa. Kura ta kai cizo ta samu wutsiya, ya fizge, haƙoranta suka taje ta ta yi buzu-buzu. Ya bi ta ƙarƙashin Ɓauna, ya yagi gudaji cike da kumatu, ya faɗa ramin bayan murhu. Madarar da ta shiga sawun faratan nan ba ta fita ba har yau. Ku duba kurege in ya gifta, za ku ga farin zane a kowane gefe.

Can nesa, a gindin tumfafiya, ya ɓullo. Ido ɗaya a kumbure, ƙafa na ja, rani a gabansa, rami babu komai. Ya miƙe a kan ƙafafun baya yadda yake yi har gobe, ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ɗaga murya.

"Ku ci, 'yan baƙin ciki! Duk wanda ya gatsa, wutsiyata ya lasa! Na shayar da sarki ruwa ya yi godiya, na hau Kura ba linzami! Zanen nan da kuke gani ba duka ba ne, tukuici ne, sarki da hannunsa ya yi mini! Dajin gaba ma akwai manya, kuma duk inda babba yake, akwai abincina!"

Ya kaɗa abin da ya rage na wutsiya ya yi gaba.

Ɓauna ta riƙe sana'ar. Gutsure kaɗan ke ƙosar da Zaki, sai tukunya ta koma ɗaya, maraƙi ya samu nono ya yi ƙiba. Daga gare ta shanu suka koya, shanu suka gaya wa matan Fulani. Zaki kuwa ya sa aka yi shela cewa shi ya ƙago abin da kansa bayan dogon tunani, fadawa suka ce sun shaida. Ita ko Kura har yau tana tone kaburbura, ko Allah zai sa ta sake dacewa.

Ƙurunƙus. Kan kusun ma kada ku nema, Kurege ya gudu da shi.

Aka yi dariya, aka karkaɗe tabarmi. Gwaggo Yalwa ta daɗe tana tsotsar nata cukun, don haƙoran sun yi ƙaura. Ta ce, "Labari ya yi daɗi. Shigo gari hannu banza, naɗa rawani, cika fada da zance. Ban san inda ka samo shi ba."

Na zauna kwanaki. Na gaida wanda za a gaida, na ci tuwon kowane gida, na je na tsaya inda marken yake ina kallon famfon mai. Baffana ya nuna mini gonar da ya ce tawa ce in ina so, na yaba ƙasar ƙwarai. Ran kasuwa na ji direban wata babbar mota na cewa Kudu za shi, bakin teku, wai can ana neman masu hannu.

Da gari ya waye ina zaune a zaure ina ɗinke maratayin jakata, sai ga inuwar Gwaggo a kaina.

"Ina kuma?"

"Nan kusa ne, Gwaggo. Ba zan daɗe ba."

"Haka ka ce wancan karon."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da cuku biyu da ta ɓoye tun ranar, ta jefa a jakar.

"Ungo abinka. Mu masu zama ma sha da ɗuminta. Wannan madarar masu gudu ce."

Na ja zare na ƙulle, na gatsa shi da haƙori. Daga bakin kasuwa motar ta yi oda. Gwaggo ta sa sandarta ta ɗaga gefen rigata, ta leƙa haƙarƙarina.

"Bai fito ba tukuna," in ji ta. "Je ka. Manyan can ma suna da farata."